An bar mata auduga a ciki bayan tiyata: mu kai ƙara ko mu bar wa Allah?

Ɗan Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Matar ƙanina aka yi wa tiyatar haihuwa a wani asibitin gwamnati, ba zan faɗi sunansa ba. Yaro ya zo lafiya, aka sallame su. Sai zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya kumbura, wurin ɗinkin yana tsiyayar da ruwa mai wari, har sai an sa turaren wuta a ɗakin kafin masu barka su shiga. Duk komawar da aka yi sai a ce maleriya ce ko taifot, a rubuta magani a sallame mu. Da abin ya ci tura muka ɗauke ta zuwa wani asibiti, aka yi hoton ciki, aka sake buɗe ta. Audugar da ake tsane jini da ita aka tarar, ta ruɓe ta manne da hanji. Sai da aka yanke wani yanki na hanjin, aka cire mahaifa. Yarinya ce ƙarama, haihuwarta ta biyu ke nan. Ƙanina ya sayar da babur ɗin da yake haya da shi, har yanzu akwai bashi a kansa. Manya a gida sun ce ƙaddara ce, a rufe maganar. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai wanda ya san yadda ake kai asibiti ƙara a ƙasar nan ta Kamaru?

Goggon Yara:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Ni a shekaruna ban ga talakan da ya ja da asibiti ya ji daɗi ba. Gobe in wani ya kwanta a gidanku ina za ku kai shi? Wurinsu dai za ku koma, su kuma sun riƙe fuskarku. Kotu ba za ta mayar mata da mahaifa ba. Ku bi maganar manya.

Saurayin Domayo:
Goggo ku yi haƙuri, amma irin wannan maganar ce ta sa suke yi mana yadda suka ga dama. Yaya, ka sa labarin a Facebook da sunan asibitin da na likitan. Wallahi kafin magariba sai an kira ka daga Yawunde.

Metir, Gaundare:
Saurayi, ni lauya ne, ajiye wayarka tukuna. Sashe na 305 na dokar hukunta laifuka yana kama mai ɓata suna. Dokar intanet ta 2010 kuma ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya kawo hujjarsa ba. Mai gaskiya ma, in babu takarda a hannunsa, sai ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Ɗan Yelwa, yaushe aka yi tiyata ta biyu?

Ɗan Yelwa, Garwa:
Bayan babbar sallah da 'yan kwanaki, Metir.

Metir, Gaundare:
To ka zauna da kalanda yau ɗin nan, ga dalili. Asibitin gwamnati ba a kai shi kotun da ake kai rikicin fili ko bashi. Kotun harkokin mulki ake zuwa, akwai ta a Garwa, akwai a Marwa, akwai a nan Gaundare. Dokar da ta tsara ta, ta ranar 29 ga Disamba 2006, ta ce ba ka shiga kotun sai ka fara rubuta wa hukumar da abin ya shafa takardar koke, ka faɗi abin da aka yi maka da abin da kake nema. In diyya ce, wata 6 gare ka daga ranar da cutar ta auku ko ranar da ka san da ita. Ku ranar da aka ciro audugar nan kuka sani. In suka yi shiru wata 3, doka ta ɗauka sun ƙi, daga nan kwana 60 ne gare ka ka shigar da ƙara.

Wannan wata shidan shi ke cin mutanenmu. Na farko ya tafi a jinya, na biyu a neman rance. Sai a ce a jira kawu ya dawo daga tafiya a yi shawara. Sai a tura dattijo wurin shugaban asibiti, a ba shi kujera da ruwan sanyi, a ce ya dawo mako mai zuwa. Kafin a iso ofishin lauya lokaci ya ƙure, alƙali ba zai ko buɗe zancen audugar ba, a kan kwanan wata kaɗai zai kori ƙarar. Tarko na biyu, wa za a rubuta wa takardar? Wani asibitin yana da cin gashin kansa, wani kuma ma'aikatar lafiya ce ke amsawa a madadinsa. In ka aika inda ba nan ba, kamar ba ka aika ba ne. Saboda haka kada marubucin bakin kotu ya rubuta muku ita, ku nemi lauya, kuma a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku.

Rubuta takardar ba ta hana sulhu, ba ta kuma tilasta muku zuwa kotu. Dutse ne kawai kuka sa wa ƙofa kada iska ta rufe ta kafin manya su gama shawara.

Ku tattara karnenta, wato littafinta na awo, takardun magani, rasit ko na sefa 500 ne, hoton cikin, da uwa uba rahoton likitan da ya yi tiyata ta biyu. Shi ne ƙashin bayan maganar. Ita za ta nema da kanta, domin sirrin mara lafiya bai ba likita damar miƙa wa wan miji ba.

Nas ɗin Dare:
Na jima ina karantawa ina shakkar magana, don na san wasu za su ce kare namu nake yi. A ɗakin tiyata nake aiki. Bari in faɗa muku yadda abin yake faruwa. Kompires, wato audugar tsane jini, in ta sha jini launinta ɗaya da nama. Likita ya tura ta bayan mahaifa don tsare jini, ta naɗe ta kwanta, ido ba zai gan ta ba. Abin da ke hana a manta da ita ɗaya ne, ƙirga. A ƙirga kafin a sa wuƙa, a sake ƙirgawa da babbar murya kafin a rufe ciki. In an buɗe ashirin aka ga sha tara, ba a ɗinki sai an nemo ta, ko a cikin bokiti take ko a ƙarƙashin takalmin wani. A manyan asibitoci akwai mai zare na musamman da ke fitowa a hoton ƙashi. Mu sau da yawa daga babban dami muke yankawa da almakashi, mu naɗe, mu dafa a na'ura.

Yanzu ka ɗauki ƙarfe biyun dare. Mace na zubar da jini, mai miƙa kayan aiki ita ce kuma za ta juya ta karɓi jaririn da bai yi kuka ba, wuta ta ɗauke, wani na haska fitilar waya. Wa zai ƙirga? Duk da haka ba zan ce uzuri ba ne. Barin kompires a cikin mutum kuskure ne da kowane ma'aikacin tiyata ya san bai kamata ya faru ba.

Amma ni abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan komawar da suka yi ta yi ne ana cewa maleriya. Mace da aka yi wa tiyata ta dawo da zazzaɓi da kumburin ciki da ɗinki mai ruwa, ai ko ɗaliba ta san ciki za a fara dubawa. Da an kama abin a makon farko, mai yiwuwa da mahaifarta tana nan. Na farkon kuskuren dare ne. Na biyun kuwa da rana tsaka aka yi shi, don ba wanda ya tsaya ya ɗaga zane ya duba.

Maman Hanifa:
Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku maza kuna ta zancen kotu da kuɗi. Yarinyar nan fa yanzu tunaninta ɗaya, za a yi mata kishiya saboda abin da ba ita ta jawo ba. Allah ya saka mata.

Malam na Kakatare:
Amin. Ina so in taɓa zancen "ƙaddara ce", domin ana yawan jingina wa addini abin da bai ce ba. Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da zai musa. Amma wanda ya buge ka da mota ma da ƙaddara ya buge ka, ba ta hana a biya ka ba. Kisan kuskure Alƙur'ani da kansa ya sa masa diyya, a Suratun Nisa'i aya ta 92, alhali mai shi bai yi nufi ba. Ayar ta ce sai fa in iyalan mamacin sun yi sadaka da ita. Ka ga haƙƙin nasu ne, su ke da ikon yafewa. To a nan mai haƙƙin tana raye, ita aka cire wa mahaifa. Surukai da kawunnai ba su da hurumin yafe abin da ba nasu ba. Cikin duk zaman da aka yi a gidanku, Ɗan Yelwa, wani ya tambaye ta kuwa?

Malamanmu ba su yi wa masu magani kuɗin goro ba. Akwai wanda bai iya ba ya kutsa cikin aikin. Shi hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai lamuni. Akwai gwanin da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda masu sana'ar suke yi, amma ajali ya sauka. Wannan babu komai a kansa. Sai gwanin da hannunsa ya kuskure. Ibnu Rushdi, malamin Malikiyya na Andalus, ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan akwai diyya, kuma mafi yawansu a kan danginsa na wajen uba suka ɗora ta, ba a kan aljihunsa shi kaɗai ba. Dubi hikimar. Ba a karya likitan har ya bar sana'a ba, ba a kuma bar wanda aka cuta hannu rabbana ba. Wasu malaman zamani suna ganin ƙungiyar sana'a ko asusun taimakekeniya na iya tsayawa a matsayin dangin nan.

In ta yafe bayan an gaya mata gaskiya, tana da lada mai yawa. Amma a rufe ta a ɗaki a ce an yafe a madadinta, wannan ba shi ne haƙurin da aka yaba ba.

Goggon Yara:
Allah ya gafarta Malam, ban ja da karatu ba. Amma ku a littafi kuke gani, ni a tsakar gida nake gani. Na san gidan da suka shiga shari'a kan abu irin wannan, gona ta tafi, shekaru suna hawa mota zuwa kotu ana ɗagawa, har mai gidan ya rasu ba a yanke ba. Shari'a saɓanin hankali. Wanda ya sayar da babur don jinya, me zai sayar don lauya?

Dokta a Ƙauye:
Tambayar Goggo tana da nauyi, Metir zai amsa. Ni bari in yi magana daga ɗaya gefen teburin.

Kuskure a asibiti ba ciwon Kamaru kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mara lafiya 1 cikin 10 yana cutuwa a wajen jinyar kanta, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya kauce mata. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya. Amurka da duk kayan aikinta, wani rahoto na 1999 ya ce tsakanin mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa a asibitocinta kowace shekara saboda kuskure. Bambancin shi ne me ake yi bayan an yi kuskuren. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda shafi ɗaya mai tambayoyi 19 da ake karantawa a ɗakin tiyata: wannan ne mara lafiyar, nan ne wurin yanka, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, an ƙirga auduga da allura. Da aka gwada ta a asibitoci 8, har da ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Takarda ce da biro, ba na'ura ba. Abin da take buƙata shi ne nas ta iya ce wa babban likita "dakata, saura ɗaya" ba tare da an ci mutuncinta ba. A wurare da yawa nan ne gizo ke saƙar.

Tsorona da zancen ɗauri shi ne wannan. Ƙasar nan likita wajen ɗaya ne ga mutum dubu goma, mafi yawansu kuma suna Yawunde da Duwala. A gundumata, in na ƙi buɗe mace da dare, sai ta yi tafiyar awoyi a kan hanyar da kuka sani. Ranar da aka ɗaure likita ɗaya a yankin nan, sauran za su koyi rubuta takardar turawa gaba, matan kuma su mutu a mota, ba sunan kowa a kai. Kada kuma labarin nan ya sa mata su guji asibiti. Mutuwar mata wajen haihuwa ta sauka daga 782 cikin haihuwa 100,000 a binciken 2011 zuwa 406 a na 2018. Cekin lafiya na sefa 6,000 da aka fara a yankunanmu na arewa a 2015 ya kawo mata da yawa hannun ungozoma, har tiyata yana ɗauka.

Ban ce kada a nemi haƙƙi ba. A nema a wurin asibiti da gwamnati, su biya. Faransa tun 2002 ta ba mara lafiya ikon karɓar fayil ɗinsa, ta kuma kafa asusun da ke biyan wanda jinya ta yi wa mummunar illa ko ba a kama kowa da laifi ba. Inda likita ya san faɗin gaskiya ba zai kai shi kurkuku ba, zai faɗa.

Saurayin Domayo:
Dokta, da girmanka, yaushe aka taɓa ɗaure ɗayanku da har kuke tsoro? Ku tuna Monique Koumateke. Ranar 12 ga Maris 2016 a ƙofar asibitin Laquintinie a Duwala, da cikin tagwaye, 'yar uwarta ce ta sa reza ta buɗe cikin a gaban jama'a don ceto yaran. Ministan lafiya na lokacin, André Mama Fouda, ya fito ya ce ta riga ta rasu kafin a kawo ta. 'Yar uwar tata tana cikin waɗanda aka fara kamawa. Ba don hoton ya zaga duniya mutane sun fito zanga-zanga ba, wa zai san sunanta? Daga baya aka sauya shugaban asibitin. Shi ya sa na ce Facebook.

Metir, Gaundare:
Hayaniya tana iya sauya shugaban asibiti, ban musa ba. Ba ta dawo wa ƙanin Ɗan Yelwa da babur.

Tunda an taɓo ɗauri, ga abin da doka ta ce. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ta 2016 ya kama wanda ya jawo mutuwa ko mummunan rauni ta hanyar rashin iyawa, sakaci, ganganci ko ƙin bin ƙa'ida: ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga ciki. Sashe na 283 na wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗarin mutuwa ne. In asibitin kuɗi ne, kotun farar hula ake zuwa. Akwai kuma ƙungiyar likitoci ta ƙasa, wadda dokar 1990 ta ba ikon yin gargaɗi, dakatarwa, har da soke suna. Ita ba ta biyan ko sisi, amma kai mata koke ba ya cin kuɗi kamar kotu.

Ku sani fa, rashin warkewa ba laifi ba ne. Ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga wani hukuncin Faransa na 1936 ita ce likita bai yi alkawarin warkarwa ba, alkawarin kulawa da ƙwazo bisa ilimin da ake da shi ya yi. Kai za ka nuna an yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo cutar. Alƙali bai karanta tiyata ba, likita zai naɗa ya duba aikin ɗan uwansa likita, sau da yawa mai ƙara ne ke fara ajiye kuɗin binciken. A nan yawancin ƙararraki suke mutuwa. Ta auduga tana cikin masu sauƙi, domin ba wanda zai ce da ita aka haife ta.

Goggo, akwai dokar 2009 ta tallafin shari'a ga marasa ƙarfi, ana nema a kotu. Ba zan ce muku tana tafiya da sauri ba.

Ɗan Yelwa, Garwa:
Na gode ƙwarai. Allah ya gafarta Malam, tambayarku na kai gida. Matata ta shiga ta zauna da ita. Abin da ta ce shi ne ita ba ta son a ɗaure kowa. Tana so wanda ya yi aikin ya zo ya dube ta ya ce ga abin da ya faru, a kuma biya bashin da ke kan mijinta. Ta ce ranar da suka koma na ƙarshe wata ma'aikaciya ta ce mata raki ne ya yi mata yawa, wannan kalmar ta fi ɗinkin ciwo. Gobe za ta je neman rahoton tare da mijin. Babanmu bai sani ba tukuna, wannan kuma wani aikin ne.

Baban Ikram, Kusiri:
Ku naku ma akwai asibiti da hatimi da wanda za a rubuta wa. Ɗan maƙwabcina zazzaɓi ya kama shi, aka kira wani mai shagon magani a unguwa, wanda kowa ke ce wa dokta, ya yi masa allurar kinin a ɗuwawu. Yaro ya ƙwalla ƙara tun allurar ba ta fita ba. Washegari ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Yanzu in yana tafiya sai ya ɗaga gwiwa sama ya jefa ƙafar, silifa ba ta zama, sai an ɗaura masa da roba. Mai allurar yana nan yana sana'arsa. Uban yaron ma a shagonsa yake karɓar magani bashi, ta ina zai fara? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ke kiran su gida saboda gudun layi da kuɗin kati.

Nas ɗin Dare:
Babbar jijiyar ƙafa ya taɓa. Ɗuwawu kashi huɗu ake raba shi, a sama ta gefen waje kaɗai ake sa allura, ƙananan yara kuma cinya ta fi aminci. Kinin yana ƙona nama, shi ya sa illarsa ta fi muni. Baban Ikram, ka ce su kai shi wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki tun yanzu, akwai takalmin da ke riƙe ƙafar. Wasu yaran suna samun sauƙi in ba a makara ba.

Malam na Kakatare:
Wannan shi ne na farkon da na ambata, lamunin kuma a cikin dukiyarsa yake. Mai unguwa da limami su kira shi, ya ɗauki nauyin jinyar yaron, ya kuma ajiye allura.

Ɗiyar Ridina, Njamena:
Salamu alaikum, daga wannan gefen kogin. Mu a Chadi diyya ba baƙuwa ba ce. Mota ta kaɗe mutum, kafin a share makoki shugabannin ƙabila sun zauna an yanke kuɗi, har ana ta gardama a ƙasar kan ko tana hana hukuma yin aikinta. Amma in a gadon asibiti aka mutu, sai ka ji shiru, an ce kwana ne ya ƙare. Ko kuma a tafi ɗaya ƙarshen, 'yan uwa su far wa nas ɗin da suka tarar a bakin aiki da duka, wadda wataƙila ba ta ma taɓa mara lafiyar ba, ma'aikata su tafi yajin aiki, wasu su mutu a kan benci. Tsakanin shiru da duka ba mu da komai. Binciken 2014 zuwa 2015 ya ce mata 860 cikin haihuwa 100,000 ke rasuwa a nan, kowacce kuma kafin la'asar an kai ta makwanci. Ba ina cewa a jinkirta jana'iza ba, kuma na san ba mai yarda a yanka gawar uwarsa don bincike. Amma ko fayil ɗin a karɓa kafin a ɗauki gawa. Yayata da ta rasu, da muka koma bayan sadakar bakwai, ko takarda ɗaya ba mu samu ba.

Dokta a Ƙauye:
Allah ya jiƙanta. Wani lokacin ba ɓoyewa aka yi ba, ba a rubuta komai ba ne tun farko. Wannan ma laifi ne, kuma namu ne.

Baban Ikram, Kusiri:
Amin. Metir, tambaya ɗaya. Mu nan da yawa gadar Ngeli muke tsallakawa mu je jinya Njamena, su ma suna zuwa wajenmu. 'Yan Garwa kuma wasu Yola suke tafiya. In a can aka yi wa mutum kuskure, a ina zai kai ƙara?

Metir, Gaundare:
Inda asibitin yake. In a Njamena ne, kotun Chadi da lauyan da ke aiki a can. In a Yola ne, kotun Najeriya, su ma suna da hukumar da ke ladabtar da likitoci. Kada ka ɗauki wata 6 da kwana 60 ɗin da na faɗa ka tsallaka da su, na Kamaru ne, kowace ƙasa da nata wa'adin. Rahoton likitan gida da ya duba ka bayan ka dawo yana da amfani a matsayin hujja, amma ba ya jawo shari'ar zuwa gida.

Ɗiyar Ridina, Njamena:
Kuma Baban Ikram, duk takardar da kake so ka karɓe ta kafin ka hau gadar. In ka bari sai ka dawo nema, za a ce maka mai makullin ofishin ya tafi ta'aziyya Abeshe.